Ƙanƙarar da Muka Lulluɓe da Buhu

Ni fa babu ruwana a wannan rigimar, jawo ni aka yi. Ina zaune a ɗakina ina shan shayi, na ɗora ƙafa a kan matashi saboda gwiwar nan da ta mai da ni tsoho tun lokaci bai yi ba, sai matata ta leƙa ta taga ta juyo ta ce in sauka, maza suna ta hayaniya a ƙofar bene, kuma wai ni ne babba. Ranar rabon naman layya ba wanda ya tuna ni ne babba, sai ranar taɓo. Na ce mata ni da makaranta tun a ajin ƙasa muka rabu ba sallama, ina ni ina alƙalanci? Ta ce ba takarda ake nema ba, baki ake nema, baki kuwa Allah ya ba ni har ya yi saura. Kafin in lalubo amsa ta ajiye mini takalmin roba a gabana. Duk namijin da aka ajiye wa takalmi a gabansa a cikin gidansa, halas, magana ta ƙare, sai fita.

Abin da ya faru shi ne an yi ruwa da safe, irin ruwan sanyin nan na Jidda da yake shekara yana tara fushi sannan ya sauke gaba ɗaya, har da 'yar ƙanƙara a farkonsa. Ruwa ya kwanta a layinmu, taɓo da leda sun taru a ƙarƙashin motoci. Samarin benen, masu mota, sun fito da tsintsiyoyi da katakai za su tura komai ta gangaren da yake sauka ƙarƙashin ginin, don nan ya fi kusa, ba sai an ɗaga bokiti ba. A ƙarshen gangaren nan akwai ɗaki guda, na mai gadinmu, wani dattijo ɗan Chadi mai tarin da ba ya jin magani. Yana tsaye a gefe riƙe da tsintsiyarsa yana kallo, don mai gadi ba ya musu da 'yan haya in yana son aikinsa. Wasu suna cewa a bari, wasu suna cewa a tura. Wanda ya fi kowa murya a cikin masu cewa a tura ɗan maƙwabcina ne, yaron da na sani tun yana yawo ba wando. Su ne a hawan sama, da iyayensa da kakarsa. Yanzu ya sayi farar mota yana ji da ita kamar ita ta haife shi.

Na tsaya ina kallon gangaren nan, sai na manta da gwiwa. Lungunmu na dā a unguwar Sa'alaba ne ya dawo mini.

Lungu ne siriri, in mutum biyu suka haɗu ɗaya yana ɗauke da tukunyar gas, sai ɗayan ya manne da bango. Daga bakin titi yake gangarowa a hankali, gida na jingine da gida, har ya ƙare a wata 'yar kafa tsakanin bango biyu wadda muke kira Maƙogwaro, don ta nan duk ruwan lungun yake bi ya fita fili. Kakanninmu suka gina shi, mutanen da suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna, mu kuma a nan aka yanke mana cibiya. Da safe abin da kake fara ji ƙarar turmin masu daka yajin tsire ne, sai gurnanin tantabaru a saman rufi, sai motar ruwa tana ƙaho a bakin titi don ba ta iya shigowa, sai iyaye mata suna kiran 'ya'ya rabi da Hausa rabi da Larabci. In aka soya albasa a gidan farko, gidan ƙarshe ya san me za a ci. Yanzu a benen da nake, na daɗe har na gaji da daɗewa, amma ban san muryar matar da ke samanmu ba. Na'urar sanyin ɗakinta kawai na sani, don ita ce take ɗigo mana ruwa a taga.

Sharar lungu bayan ruwa aikinmu ne, ba na kowa ba. Motar shara ba ta iya shiga, kuma in za a faɗi gaskiya ba ma son a kira kowa, don duk motar da ta tsaya a bakin lungu da fitila a ka, rabin mutanenmu sai saman rufi saboda iƙama, wato takardar izinin zama. Wani tasa ta mutu, wani bai taɓa ganin kalarta ba. To muna da tsarinmu. Da ruwa ya ɗauke, Baffa, yayan mahaifina, zai fito ya buga bayan shebur a jikin turken wuta, ƙwal, ƙwal, kowa ya san abin da ake nufi. Daga sama ake farawa. Gidan farko ya tura ruwansa zuwa ƙofar na biyu, na biyu ya haɗa da nasa ya tura gaba, haka har ƙasa. Ruwa ya bi Maƙogwaro, taɓo da yashi kuwa a tara su tsibi a kusurwa, a bubbuga da bayan shebur don kada su zame, in sun bushe a kwashe a baro. Baffa yakan ce duk wanda ya lafe a ɗaki, taɓonsa za a kai masa har kan gado, kuma ya taɓa aikatawa, shi ya sa ba a gwada shi. Ni lokacin saurayi ne, gemu ya fito, ba aiki ba sana'a sai tsayuwa a bakin titi ina laƙaba wa masu wucewa suna. Na ƙware wajen riƙe shebur yadda daga nesa za ka rantse ni na fi kowa wahala.

Gidan ƙarshe, wanda yake manne da Maƙogwaro, na Sitti ne. Haka muke kiran kaka a nan. Ba ita ta haifi uwata ko ubana ba, amma duk lungun kakar kowa ce. Da can ita ke sayar da soyayyar gyaɗa a ƙofar makarantar da na gudu, sai ƙafafunta suka mutu ta koma kwance a kan katifa a ƙasa. Ɗakinta kuwa, duk lokacin da aka zuba ƙasa aka gyara lungu, sai lungun ya ƙara tashi ɗakin ya ƙara nutsewa, har ya zama in za ka shiga sai ka sauka kamar mai shiga rijiya. Ɗa ɗaya gare ta, yana aiki a wata masana'antar kwali a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni da ke gefen gari, ya fita da asuba sai magariba. Ni da ita wasan jika da kaka muke yi. Ta ce ni ne mijinta, ragon miji da bai taɓa kawo cefane ba. In ce na fasa auren, zan nemo mai haƙora. Ta ce in je, mai haƙoran da ni za ta fara gwada su. Ban taɓa cin ta a magana ba, ni da duk bakin titi ake tsoron bakina.

Ran nan da hantsi sama ta yi baƙi daga wajen teku, iska ta tsaya cak, tantabaru suka yi tsit. Sai muka ji kamar ana jifan rufin kwano da tsakuwa, ɗaya bayan ɗaya, sannan kamar an juye tifa a kanmu. Ba ka jin maganar wanda yake kusa da kai. Uwata ta cusa ƙannena a ƙarƙashin gado tana salati. Da abin ya lafa muka buɗe ƙofa, lungun nan namu mai baƙin taɓo ya zama fari fat tun daga sama har ƙasa, ƙanƙara ta rufe idon sawu, wani wurin ta fi haka, tana hayaƙin sanyi. Mu ƙanƙarar da muka sani ta saye ce, dogon bulo da ake kawowa a mota a lulluɓe da buhu. Ba mu taɓa ganin ta kyauta ba. Mata suka fito da tukwane suna ɗiba wai albarka ce, tsofaffi suna shafawa a ido. Wani maƙwabcinmu yana tsince tantabarunsa da suka mutu yana share hawaye, ba wanda ya kula shi. Ni na zura wa ladaninmu guda a bayan riga na ce daga sama ta faɗo.

Na cika tafin hannuna na sauka wurin Sitti.

"Ga cefane, amarya. Kada in ƙara jin an ce ban taɓa kawowa ba."

Ta karɓa ta daɗe tana kallo, abin yana narkewa yana bin tsintsiyar hannunta. Ta ce rabonta da ganin irinta tun tana yarinya a kan hanya, a wani daji kafin su kai babban kogi, lokacin uwarta tana da rai. Ta sa guda a baki ta rufe ido. Sannan ta ce in gaya wa Baffa kada a zubar duka, a rage mata kusa da ƙofarta don ɗanta ya gani in ya dawo. Shi a Jidda aka haife shi, ga shi yana can cikin masana'anta ba ko taga, za a yi abin a gama bai gani ba. Lokacin ba waya mai ɗaukar hoto. Yau da an yi ɗigo ɗaya kowa ya ɗaga waya, kafin ka sa takalmi ka gani daga unguwa goma. Lokacin kuwa abin da ba ka gani da idonka ba sai labari, labarin kuma in daga bakina ya fito ba mai yarda.

Baffa ya buga turke, muka fara daga sama kamar kullum. Ƙanƙara tana da nauyi, ba kamar ruwa ba, kuma shebur yana wani irin ƙara a kanta da yake shiga haƙori. Gida ya tura wa gida, gida ya tura wa gida, kafin ta kai ƙasa ta zama tudu. Kusurwar da muke tara taɓo ta cika ta batse. Na isar da saƙon Sitti. Baffa ya ce ai wannan ruwa ne da ya daskare, a tura ta cikin bakin Maƙogwaro, in ta narke ta wuce abinta ba sai an kwashe ba, ga inuwa kuma, za ta jira ɗan Sitti da sauran masu aiki su dawo su gani. Kowa ya ce wannan ita ce dabara. Muka cusa, muka bubbuga da bayan shebur kamar yadda muke yi wa yashi, har ta yi tauri. Mata suka kawo tsofaffin buhuna aka lulluɓe ta, yadda muka ga masu sayar da ƙanƙara suna yi don kada ta narke. Muka ja da baya muna sha'awar aikinmu. Duk lungun nan, da masu furfura da masu hankali, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama.

Bayan azahar ruwa ya dawo. Wannan karon ba ƙanƙara, ruwa ne zalla kamar an kwance bakin buhu, kuma na babban titi ma ya juyo ya shigo lungunmu. Mun riga mun share masa hanya tas, ba abin da zai tare shi, ya gangara a guje. Ya je Maƙogwaro ya tarar an rufe. Ruwa kuwa in ya tarar da ƙofa a rufe, ta kusa yake nema. Matar da take kai wa Sitti abincin rana ce ta fara ihu.

Da muka isa ƙasa ruwan ya kai cinya, da sanyin da ban taɓa ji ba kafin ranar, ban kuma ƙara ji ba. Kamar ana yanka ka da wuƙa. Baffa ya raba mu, wasu su fasa tudun, ni da shi mu shiga wurin tsohuwa. Masu fasawar suka tarar ƙanƙarar da buhunan da ledar da yashin sun haɗe sun zama abu ɗaya, shebur yana dawowa, ga shi a ƙarƙashin ruwa ba ka ganin inda kake sara. Suka jefar da shebur suka sa hannu. Daga baya ne suka ga yatsunsu duk jini, a lokacin ba wanda ya ji. Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana, wani ya ce da waɗanda ba su da takarda fa, amma musun bai je ko'ina ba, don wayar ma tana kantin bakin titi, titin kuma ya zama kogi.

Ɗakin Sitti duhu, ruwa yana zuba ciki ta kan matakala kamar famfo. Katifar ta nutse, kwanoni suna yawo suna karo da juna. Ta ja jikinta da gwiwar hannu ta hau kan akwatin ƙarfenta, ruwa ya kai mata ƙirji, ta ɗora wani ƙunshi a ka ta riƙe da hannu biyu. Na san ƙunshin, duk lungun an san shi. Likkafaninta ne da ta wanke da ruwan zamzam tun tana da ƙafa. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba, shi kawai take tsaro kada ya jiƙe. Baffa ya karɓa ya ɗora a rawaninsa. Muka cire ƙyauren ɗakin muka kwantar da ita a kai, samari suka tare mu a bakin ƙofa, muka ɗaga sama muka nufi saman lungu, ruwa yana bugun ƙafafunmu yana neman kayar da mu. Ni ne a wajen kanta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙyauren ya fi ta. Leɓenta ya yi baƙi. Ta buɗe ido ta dube ni.

"Ragon miji," in ji ta, leɓen yana rawa. "Yau dai ka ɗauki kaya."

Na gyara riƙon ƙyauren, muka ci gaba da hawa.

Da wani ƙarfen gini aka samu aka huda tudun daga baya. Ya fashe da ƙara kamar bango ya faɗi, kafin ka juya lungun ya zama ba ruwa sai taɓo. Ɗanta ya dawo da magariba, da ƙafa tun daga Madinar Masana'antu don ba mota, a jiƙe har wuya. Ba ƙanƙara ko ƙwaya ɗaya da za a nuna masa, sai buhunan da suka maƙale a fili. Ya tarar da uwarsa a ɗakin uwata, an tara mata duk bargunan lungun a kanta, tana karkarwa har gadon yana motsi.

Sanyin ya shige ta a ƙirji. Asibiti ba ta da takardar da za ta nuna, tun zuwanta ƙasar nan ba ta taɓa samu ba, kuma ita kanta ta ce kada a kai ta inda za a yi mata tambaya. Wani mai aiki a kantin magani ya zo ya yi mata allura, uwata tana dafa citta da kanumfari, ana gasa mata baya da tsumma. In ka tsaya a ƙofa kana jin numfashinta kamar ana jan tabarma a ƙasa. Na riƙa shiga ina tsokanarta, ina cewa ta tashi na samo mai haƙoran, ba ta ramawa. Sau ɗaya ta tambayi uwata ko ɗanta ya ga ƙanƙarar. Uwata ta ce ya gani. Ba ta kai Juma'a ba. Likkafanin nan shi kaɗai ne abin da ya fita daga ɗakinta a bushe, kuma da shi aka yi mata sutura.

A zaman makoki aka fara neman mai laifi, a hankali, ƙasa-ƙasa, yadda mutanenmu suka iya. 'Yan ƙasan lungu suka ce 'yan sama ne suka tura musu. 'Yan sama suka ce ai tun kakanni haka ake yi, Baffa ne ya ce a toshe. Wani ya ce da mata ba su kawo buhu ba da ta narke. Sai wani marar tauna magana ya ce to ai ita marigayiyar ce ta roƙa a ajiye. Ɗanta ya miƙe ya sa takalminsa ya fita, bai ƙara zama a wurin ba. Baffa carbinsa kawai yake ja. Mutumin da muryarsa take kaiwa bakin titi, tun daga ranar sai ka matso kake jin abin da yake faɗa.

Da aka sake yin ruwa a sanyin da ya biyo baya, muka tsaya a ƙofa muna jiran ƙarar turke. Shiru. Sai muka ga Baffa ya fito da sheburinsa ya wuce turken, ya wuce gidanmu, ya bi cikin ruwa har ƙarshen lungu, ya buga a jikin bangon Maƙogwaro. Daga ranar tsari ya juya, ba taro ba shawara. Daga ƙasa ake farawa. A buɗe wa ruwa hanya tukuna, a leƙa ɗakin da ya fi kowane nutsewa a ga wa ke ciki, a fito da shi in ta kama, sannan 'yan sama su taɓa tsintsiya. Ya fi wuya, don kana aiki ruwa yana zubo maka. Ba wanda ya taɓa yin ƙorafi. Ni ma daga lokacin na daina riƙe shebur don a gani.

Yanzu lungun babu shi. An rushe unguwar, mutane sun watse, wasu unguwar Mahjar, wasu Makka, wasu an mai da su ƙasar da a bakin kakanninsu kawai suka san ta. Baffa ya riga mu gidan gaskiya tun kafin nan, ɗan Sitti ban san inda yake ba. Na je wurin sau ɗaya. An baje ƙasar ta yi sumul, na yi ta zagaye ina neman inda gangaren yake, na kasa gane ina ne sama ina ne ƙasa. Na tsaya a inda nake zaton nan ne ƙofarta na yi mata addu'a. Wataƙila a ƙofar wani na tsaya.

Duk wannan ban gaya wa samarin benenmu ba. Da na fara, kafin in kai ga tantabaru sun zaro waya. Na dai tambayi yaron mai farar mota ko ya sauka ya duba magudanar ƙasan a buɗe take. Ya ce wannan aikin mai gadi ne. Na ce to ko ya leƙa ɗakin ya ga a ƙasa mutumin yake kwana ko a gado. Ya yi dariya, ya dubi abokansa, ya kira ni kawu da Larabci.

"Ya Ammi, ruwa ne fa kawai. Kafin la'asar ya bushe. Ka koma ka sha shayinka, ka bar mana."

Mai gadin ya yi tari ya sunkuyar da kai. Na karɓi katakon daga hannun yaron, na gwada nauyinsa kamar mai shirin aiki. Abin da na ce masa bayan nan, daga shi sai ƙarar bokiti da aka shiga nema:

"Yalla, mu je, na yarda a tura. Hau ka sauko mana da Sittinka da katifarta mu shimfiɗa mata a ɗakin ƙasan, mai gadi kuma ya hau naku. Tana kwanciya, ni da gwiwar nan zan fara turawa."